Zuciya da Hanyoyin Jini: Magudanar da Ke Cikin Jikinmu



Da kwamitin shirye-shirye ya nemi mu, ma'aikatan lafiya 'yan asalin ƙasar Rano da Kibiya, mu gabatar da maƙala a bana, mun daɗe muna shawara a kan abin da za mu ɗauko. Abin da ya raba gardama shi ne da muka zauna muka lissafa ta'aziyyar da kowannenmu ya je a 'yan shekarun nan. Sau nawa muka ji an ce, “Lafiyarsa ƙalau, jiya ma mun gaisa a kasuwa, yanke jiki kawai ya yi ya faɗi”? Sau nawa muka dawo gida hutun Salla muka tarar da dattijon da muka bari yana zuwa gona da ƙafarsa yana kwance, ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace? Mafi yawan irin waɗannan labarai tushensu ɗaya ne, wato zuciya da hanyoyin da jini ke bi. Don haka muka ga ya dace mu fara daga tushe, mu bayyana yadda abin yake aiki, domin wanda ya san yadda injin ban-ruwansa yake aiki ba ya jira sai ya buga kafin ya duba mai.

Mutumin wannan yanki ba ya bukatar dogon bayani a kan magudanar ruwa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin mulkin Gwamna Audu Baƙo, idonmu ya saba da yadda ruwa ke fitowa ta babbar hanya, ya bi ta Ruwan Kanya, ya rabu zuwa manyan rassa, rassan su rabu zuwa ƙanana, har ya kai ga ɗan kwalbatin da ke shayar da fadamar shinkafa ko tumatir a Bunkure da Kura da Kadawa. Haka jini yake a jikin ɗan Adam, sai dai da bambanci guda mai girma. Ruwan da ya bar Tiga ya tafi ke nan, ba ya komawa. Shi kuwa jini zagaye yake yi: wanda ya fita daga zuciya shi ne zai dawo mata, cikin abin da bai wuce minti guda ba idan mutum yana zaune.

Ita zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita, nauyinta tsakanin giram 250 zuwa 350. Tana zaune a tsakiyar ƙirji, tsakanin huhu biyu, ta ɗan karkata hagu. A jikin baligi mai hutawa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, wato kusan sau 100,000 a kwana guda. Jinin jikin baligi duka bai wuce lita 5 ba, abin da ko kashi ɗaya cikin huɗu na jarkar 'yan garuwa bai cika ba. Amma da yake zuciya tana tura kimanin lita 5 ɗin nan a kowane minti, idan aka lissafa daga safiya zuwa wata safiya za a ga ta tura sama da lita 7,000, kwatankwacin durom 35. Babu injin ban-ruwan da muka sani da zai yi wannan aiki shekara saba'in ba a taɓa kashe shi ba.

Idan aka buɗe ta, za a iske ta kamar gida mai sassa biyu, na dama da na hagu, da katanga a tsakani wadda ba ta da ƙofa. Kowane sashe yana da zaure a sama inda jini ke sauka, da ɗaki a ƙasa mai kaurin bango wanda ke matsawa ya tura jinin waje. Jinin da ya gama zagaya jiki, ya sauke iskar oksijin da ya ɗauko, ya kwaso gurɓatacciyar iska, yana shigowa zauren dama, ya gangara ɗakin dama, daga nan a tura shi huhu. A huhu ne yake zubar da gurɓatacciyar iskar, mu fitar da ita da numfashi, ya ɗauki sabuwa, launinsa ya koma ja jawur. Sai ya dawo zauren hagu, ya sauka ɗakin hagu, wanda bangonsa ya fi na kowane ɗaki kauri saboda shi ne ke da alhakin tura jini tun daga ƙwaƙwalwa har zuwa yatsun ƙafa. Ashe ke nan zagaye biyu ake yi: gajere tsakanin zuciya da huhu, da dogo tsakanin zuciya da sauran jiki.

Abin da ke hana jinin komawa baya shi ne wasu ƙyamare guda huɗu da ke buɗewa ta fuska ɗaya tak. Sautin nan biyu da likita ke saurara idan ya ɗora abin awonsa a ƙirji, ƙarar rufewar ƙyamaren ce. Sannan zuciya tana da tata wutar: a jikin zauren dama akwai wani ɗan gurbi da ke sakin siginar lantarki a kai a kai, shi ne ke ba tsokar umarnin matsawa. Shi ya sa ba ma tuna mata ta buga, ko muna barci.

A nan Hausarmu tana ɗan ba mu wahala, domin kalmar jijiya ɗaya muke amfani da ita ga hanyar jini, da igiyar da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, da ma wadda mahauci ke cirewa daga nama. Hanyoyin jini kansu iri uku ne. Akwai masu fitar da jini daga zuciya, masu kaurin bango da taushi kamar roba, su ne ake jin bugunsu a wuyan hannu. Babbar cikinsu, wadda ke fitowa daga ɗakin hagu, faɗinta ya kai santimita 2 zuwa 3. Suna ta rassa suna sirancewa har su zama wasu 'yan mitsi-mitsin hanyoyi da suka fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, inda ƙwayoyin jini ke bi ɗaya bayan ɗaya kamar tumaki a burtali. A nan ne ainihin cinikin yake: abinci da iska su fita zuwa ga tsoka, datti ya shigo. Daga nan sai su sake haɗuwa su zama hanyoyi masu mayar da jini, waɗanda muke gani shuɗi-shuɗi ko kore-kore a bayan hannu.

Jinin da ke cikin waɗannan na ƙarshe launinsa ya fi duhu, shi ne wanda idan wanzami ya yi ƙaho ya zubar ake cewa “mataccen jini”. Ba mu zo yin jayayya da wanzamai ba, iyayenmu ne kuma mun gaji sana'arsu da daraja. Sai dai gaskiyar magana jinin nan bai mutu ba, yana kan hanyarsa ce ta komawa huhu, kuma zubar da shi ba ya warkar da hawan jini.

Jinin ƙafa kuwa hawa yake yi, saboda haka yana bukatar taimako. Duk takun da muka yi, tsokar ƙwauri tana matse jijiyoyin ta tura shi sama, wasu ƙananan ƙyamare kuma su hana shi zamewa. Wannan ne dalilin da ya sa wanda ya shigo motar Legas ya kwana a zaune yake sauka a Kano da ƙafa a kumbure. Galibi kumburin yakan sace da kansa, amma wani lokaci jinin yakan daskare a cikin jijiya, gudan ya ɓalle ya tafi huhu, wanda hakan kan yi kisa. Idan direba ya tsaya shan mai ko salla, a daure a sauko a taka.

Wannan ilimi da muka zayyana cikin 'yan mintoci, sai da duniya ta shafe fiye da shekara dubu kafin ta gane shi. Likitan nan na zamanin Rumawa, Jalinus, ya koyar da cewa hanta ce ke ƙera jini, jiki ya shanye shi, kuma akwai wasu ƙofofi da ido ba ya gani a katangar tsakiyar zuciya. Aka yi ta bin sa a haka har sai da Ibnun Nafis, masanin da ya tashi a Dimashƙa ya yi aikin asibiti a Alƙahira, ya kuma rasu a 1288, ya rubuta a sharhinsa na littafin Ibnu Sina cewa katangar ba ta da wata ƙofa, dole jini ya bi ta huhu kafin ya isa ɓangaren hagu. Rubutun nasa ya daɗe ba a waiwaye shi ba, sai a 1924 wani likita ɗan ƙasar Masar ya ci karo da shi a wani ɗakin karatu a birnin Balin na Jamus. Wanda ya tabbatar da zagayen gaba ɗaya shi ne William Harvey na Ingila, a littafin da ya fitar a 1628, kuma da lissafi irin na 'yan kasuwa ya kafa hujja: ya auna abin da zuciya ke turawa a bugu ɗaya, ya ninka, sai ya ga a rabin awa ta tura fiye da duk jinin da ke jiki. Ina hanta za ta samo wannan? Tilas jinin nan ɗaya ne yake kewayawa. Harvey ya rasu bai ga ƙananan hanyoyin da suka haɗa masu fita da masu dawowa ba. Marcello Malpighi na Italiya ne ya gan su a 1661, da madubin ƙara girma, a cikin huhun kwaɗo.

To, jama'a, mu dawo gida. Ƙarfin da jini ke bugun bangon jijiya da shi, shi ake aunawa idan an ɗaura mana abin awo a damtse. Lamba biyu ake faɗa: ta sama ita ce lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa lokacin da ta saki. Wajen 120 bisa 80 shi ne daidai. Idan aka auna a ranaku biyu mabambanta aka samu 140 bisa 90 ko fiye, to akwai hawan jini. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa baligi ɗaya cikin uku a duniya yana da shi, kusan rabinsu ba su ma sani ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun kulawar da ta wadatar. Sharrin wannan ciwo shi ne ba ya sallama. Da yawa suna zaton sai an ji ciwon kai ko jiri, alhali mutum yana iya shekara goma da shi yana cin tuwonsa, yana kasuwancinsa, a ciki kuwa ɓarna na gudana. Zuciya tana turawa da ƙarfi fiye da kima, bangonta ya yi kauri, daga baya ta gaji ta saki. Ƙoda, wadda aikinta tace jini, ƙananan hanyoyinta su lalace, har a kai ga wankin ƙoda, wanda duk iyalin da ya taɓa shiga ya san yadda yake cinye gona da gida. A ƙwaƙwalwa kuwa ko dai jijiya ta fashe ko ta toshe, sashen da take shayarwa ya mutu, shi ne shanyewar ɓarin jiki.

Shi ma toshewar, manoman rani sun san irinta. Kamar yadda kachalla da laka ke cike magudana har ruwa ya kasa kai wa gonar ƙarshe, haka kitse ke taruwa a bangon jijiya sannu a hankali, musamman ga mai shan taba, mai ciwon suga, da mai ƙiba. Ita kanta zuciya tana da nata jijiyoyin da ke ciyar da tsokarta. Ranar da ɗaya ta toshe, mutum zai ji kamar an ɗora masa buhu a ƙirji, zufa ta karyo, zafin ya bi hannun hagu ko muƙamuƙi. Sau da yawa a kan ce gyambon ciki ne, a jiƙa kanwa a sha.

Mu da muke birni ya kamata mu fi kowa tsarguwa. Iyayenmu sun yi noma da hannu, sun je kasuwar ƙauye a ƙafa ko a keke. Mu kuwa daga mota sai ofis ko shago, daga nan sai gaban talabijin. Miyarmu ta cika da gishiri da dunƙulen ɗanɗano, ga tsire da kilishi da lemon kwalba. Abin da masana suka yarda da shi bai wuce giram 5 na gishiri a yini ba, wato ƙaramin cokalin shayi guda, har da wanda ke ɓoye cikin ɗanɗano da burodi da taliyar yara. Ga kuma wata al'ada da ta yaɗu, ta shiga kemis a ce a haɗa maganin gajiya. Yawancin haɗin nan yana ɗauke da magungunan kashe zafi irin su diklofenak da ibufurofen, waɗanda yawan shan su ke ɗaga jini ya kuma cuci ƙoda. Haka nan ƙwayoyin ƙiba da 'yan mata ke kira sha-ka-fashe. Tafiyar ƙafa mai ɗan sauri ta minti 30, kwana biyar a mako, ta fi duk waɗannan amfani, ba kuma a biyan ko sisi.

Akwai wani ciwon zuciya da ya kamata mu tsaya a kansa, domin ƙasar Hausa tana cikin wuraren da ya fi yawa a duk duniya, kuma matanmu yake kamawa. Shi ne raunin zuciya da ke zuwa a ƙarshen ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa. Mai jego za ta fara haki, ƙafa da fuska su kumbura, tari ya dame ta da dare, ta kasa kwanciya sai an jingina ta. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun bi diddigin mata fiye da 200 masu wannan ciwo, suka kiyasta cewa yana samun kusan mace ɗaya cikin kowace haihuwa ɗari a yankin. A lokacin sun ɗora zargi a kan al'adun jego: wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da kunun kanwa. Daga baya Farfesa Kamilu Musa Karaye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranci wani bincike da ya haɗa asibitoci da dama a faɗin Nijeriya, aka wallafa sakamakonsa a 2020. Ya tarar har yanzu Arewa maso Yamma ce kan gaba, amma bai samu hujjar ɗora laifin a kan wanka da kunu ba. Abubuwan da suka fi fitowa su ne rama, rashin karatu, rashin abin yi, da hawan jinin masu ciki. Wani bincikensa a Kano kuma ya nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu ciwon.

A ganinmu wannan sakamako ya fi na farko nauyi a wuyanmu mu maza. Da a ce kunu ne kaɗai, da sai mu ce laifin kakanni ne da ungozoma. Amma rama da rashin zuwa awo, wa za a tambaya in ba mai gida ba? Duk da haka kada a ce mun wanke kanwa. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, kuma macen da jininta ya hau ko ƙafarta ta kumbura ba ta da abin da za ta yi da ita. Iyayenmu mata da ke zaune a nan, muna roƙonku da girman da kuke da shi a ɗakunan 'ya'yanku: mai jegon da ke haki ba raki take yi ba, kumburinta kuma ba sanyi ba ne da za a ƙara wa ruwa zafi. A kai ta Babban Asibitin Rano ko asibiti mafi kusa a ranar, kada a jira arba'in. Da yawa suna warkewa idan an fara magani da wuri, sai dai wajibi ne ta nemi shawarar likita kafin wani cikin.

Yara ma ba su tsira ba. Ciwon maƙogwaro mai zazzaɓi da aka yi sakaci da shi yana iya komawa ya lalata ƙyamaren zuciya bayan shekaru, alhali maganin fenisilin mai araha yana tare shi tun farko. Amosanin jini kuwa, wato sikila, ciwon hanyoyin jini ne shi ma: ƙwayoyin suna lanƙwashewa kamar lauje su maƙale a ƙananan hanyoyin nan da muka ambata. Tun 2024 dokar Jihar Kano ta wajabta gwajin jini kafin aure, bai kamata a ce ɗan wannan ƙungiya ne ke neman hanyar kauce mata ba.

Game da shanyewar ɓarin jiki, alamu uku muke so kowa ya riƙe: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta ɓangare ɗaya ta saki, magana ta sarƙe. A wurarenmu akan ce iska ce ta buge shi, a rufe ɗaki a yi hayaƙi, sai bayan kwana uku a nemi mota. Ba mu hana kowa addu'a ba, amma a yi ta a cikin mota. Allurar da ke narkar da gudan jini tana aiki ne cikin awa huɗu da rabi na farko, kuma ba a yin ta sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa an tabbatar toshewa ce ba fashewa ba. Ko inda ba a samu allurar ba, isa asibiti da wuri yana ceton rai. Kada a ɗura wa mara lafiyar ruwa ko rubutu ko koko, domin maƙogwaronsa ma yana iya shanyewa, abin ya wuce huhu.

Saura abin da ƙungiya za ta iya yi, kuma ba mu kawo abin da ya fi ƙarfinta ba. Na'urar awon jini mai batir kuɗinta bai kai abin da ɗayanmu ke kashewa a ɗinkin Salla ba, duk wanda ya iya karanta lamba kuma zai iya koyon aiki da ita a zama ɗaya. Muna ba da shawarar kowane reshe na birni ya ɗauki nauyin mazaɓa ɗaya ko biyu a Rano da Kibiya, ya sayi na'urori, a damƙa su ga ma'aikatan ɗakunan shan magani tare da littafin rubuta suna da lamba, a riƙa fita awo ranar kasuwa.

Awo kaɗai kuma ba ya isa. Abin da muka fi gani a wurin aiki shi ne dattijo ya sha magani wata guda, ya ji daɗin jikinsa, ya ce ya warke, ko kuɗin ya yanke ya ji nauyin tambayar ɗansa. Maganin hawan jini ba irin na zazzaɓi ba ne da ake gamawa. Yana riƙe jinin ne muddin ana sha, ranar da aka bari ya koma inda yake, wani lokaci da ƙarfin da ya fi na da. Saboda haka duk wanda ke aika wa gida kuɗin cefane a ƙarshen wata, ya ware na magani daban, ya san sunan ƙwayar da Baba ko Inna ke sha, ya kuma sa wani ƙani ko ɗan'uwa ya riƙa karanto masa lambar awo ta waya. Idan an kira gida an tambayi ruwa da amfanin gona, a tambayi wannan ma.

Mun zo da na'urori guda uku, abokan aikinmu suna zaune da su a rumfar da ke bakin ƙofa, mata a hagu, maza a dama. Muna roƙon shugaban taro, da izininsa, ya fara miƙa nasa damtsen kafin a kawo abinci. Wanda ya sha shayi ko ya ci goro yanzu ya ɗan jira rabin awa, kowa kuma ya zauna ya huta minti biyar kafin a ɗaura masa.